Wace lambar duwan ce ta rigunan roba na mata, kuma akwai mai sauƙin kuɗi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce a Marwa, kayan mata nake sayarwa. Bana na yi odar kaya daga Guwanzu ta ƙasar Sin, suka sauka Duwala: dogayen riguna na roba, kolan, bodi, riga da siket, hijabai, rigunan mama da 'yan suwaita na sanyi. Wanda ya yi mini takardu ya rubuta su duka a layi ɗaya, wai tishat. Da aka buɗe kwalaye aka ce abin da ke takarda ba shi ne a ciki ba. Kaya suka yi kwana goma sha ɗaya a tsare, kuma na biya tara. Wata abokiyar sana'ata ta ce wauta na yi, da an rubuta gwanjo da ban biya rabin haka ba. Don Allah yaya ake gane lambar kowace riga, kuma da gaske akwai lambar da ta fi sauƙin kuɗi?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar da alheri, ya sa iyakar asarar ke nan. Abu biyu kika tambaya: yadda ake sanin lambar da kowace riga take shiga a littafin duwan (wato kwastan), da kuma ko akwai wata lamba da ɗan kasuwa zai laɓe a bayanta ya biya kaɗan. Ni aikina cika takardun fitar da kaya ne a Garwa, na waɗanda suka hauro daga Duwala ta Ngaundare da na waɗanda suka shigo daga wajen Yola da Mubi. Kayan mata na cikin abin da ya fi ratsa hannuna, musamman gab da azumi. Zan fara da tambaya ta biyu, domin ita ce take jefa 'yan kasuwarmu cikin wahala.

Adadin fito ɗaya ne

Kamaru da Cadi suna cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, tare da Gabon, Kwango, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini, kuma ƙasashen shida jadawalin fito ɗaya suke bi a kan kayan da suka zo daga wajen ƙungiyar. A jadawalin da aka bi har zuwa 2025 manyan matakansa huɗu ne: kashi 5 cikin ɗari a kan kayan buƙata na dole, kashi 10 a kan ɗanyen kaya da injuna, kashi 20 a kan kayan da ba a gama sarrafawa ba, sai kashi 30 a kan kayan da aka gama, waɗanda mai saye zai ɗauka ya yi amfani da su. A wancan jadawali tufafin da aka ɗinka suna mataki na ƙarshe, kashi 30, ko tishat ne, ko doguwar riga, ko safa. An ɗora haka ne don a kare masaƙu da teloli na gida, kuma mu da muke zaune a ƙasar auduga, inda kamfanin auduga na Sodecoton yake da hedikwata a nan Garwa, bai kamata mu yi mamakin dalilin ba. Kayan Kantin Kwari ma haka suke biya, don Najeriya ba ta cikin CEMAC.

A ce darajar kayanki, haɗe da kuɗin jirgi da inshora har bakin Duwala, sefa 1,000,000 ce. A kan kashi 30, fito zai kama 300,000. Sai harajin TVA (harajin sayen kaya, wato VAT), wanda a Kamaru kashi 19.25 ne, kuma a kan jimlar daraja da fito ake lissafa shi, wato a kan 1,300,000, ya ba da 250,250. Kin ga 550,250 ke nan kafin a ƙara ƙananan haraji irin kashi 1 na ƙungiyar CEMAC.  A duk wannan babu inda lambar rigar ta canza komai. Saboda haka wanda ya rubuta miki tishat bai rage miki ko dala ɗaya a adadin fito ba. Wahalar rubuta layi bakwai ya guje wa, ke kika ɗauki nauyin.

To in adadin ɗaya ne, me ya sa aka tsare kayanki? Takardar duwan tukunya ce a kan murhu, duwatsu uku ke riƙe da ita: nau'in kaya, asalin ƙasar da aka yi su, da darajarsu. Wanda ya sa hannu ya ɗauki alhakin duka ukun. Ko da kuskuren bai rage wa hukuma kuɗi ba, doka tana ɗaukarsa laifi, sai dai tararsa ta fi sauƙi. Amma gaskiyar magana, lamba tana taɓa kuɗi ta bayan gida, ta hanyar daraja. Ƙa'ida ita ce a karɓi farashin da ke kan faktir (takardar cinikin da mai sayarwa ya ba ki), wato kuɗin da kika biya da gaske. In jami'i ya yi shakka, sai ya gwada da farashin kaya iri ɗaya ko masu kama da su da aka shigo da su a baya, kuma a ƙarƙashin lamba kwamfutarsa take nemo su. Dozin ɗin tishat ba ya kai dozin ɗin doguwar riga mai duwatsu tsada. Jami'in da ya buɗe kwali mai sunan tishat ya tarar da dogayen riguna ba ganda yake gani ba, mutum yake gani da ya ɓoye kaya masu tsada a ƙarƙashin suna mai araha. Daga nan zai buɗe sauran kwalayen, ya daina yarda da faktir ɗin ma, kuma kowane kwana kuɗin ajiya na hawa.

Inda lambobin suka fito

Tsarin na duniya ne, Hukumar Duwan ta Duniya da ke Burusel ce take kula da shi. A takardunmu na Faransanci SH ake rubutawa, masu Turanci kuma HS. Ya fara aiki a 1988, ana yi masa gyara kusan duk shekara biyar, kuma bugun 2022 ne na baya-bayan nan da aka fara aiki da shi. Alƙaluma shida na farko ɗaya suke a Sin, a Dubai, a Turkiyya da nan. Biyun farko su ne babi, in aka ƙara biyu an samu gida, in aka ƙara biyu an shiga ɗaki. Bayan shida kowace ƙasa tana ƙara nata. Don haka lambar da mai sayar miki ya rubuta a Guwanzu, shida na farko kawai ke da amfani a wurinki, su ma sai an duba, domin shi don takardun ƙasarsu ya zaɓe ta.

Ƙa'idar farko ta wannan tsari ita ce sunan kasuwa ba hujja ba ne. Abin da ake bi shi ne lafazin gidan da kuma sharuɗɗan da aka rubuta a farkon babi. Kusan duk rigimar tufafi a waɗannan sharuɗɗan take warwarewa, kuma su ne masu cika takarda da yawa ba sa karantawa.

Saƙa iri biyu ce

A nan Hausa take ɗan ruɗa mu, domin da abin da masaƙi yake yi a masaƙa da abin da mata suke yi da kwarashi ko allura, duka saƙa muke cewa. Littafin duwan ya raba su babi biyu. Babi na 61 na tufafin saƙar madauki ne, abin da za ki gani an rubuta bonneterie a takarda. Babi na 62 na sauran ne, galibi saƙar masaƙa. Duk wanda ya ɓata a wannan mararraba, duk abin da ya rubuta bayanta ɓata ne.

A saƙar masaƙa zare biyu ne suke giciye, na tsaye da na kwance, ɗaya ya hau ɗaya ya shige, kamar tabarma. Atamfa, shadda da yadin maza duk haka suke. A saƙar madauki zaren lanƙwasa shi ake yi, kowane madauki ya shiga cikin na gabansa kamar sarƙa. Ki ɗauki tishat ki kai shi haske: a fuskarsa za ki ga 'yan layuka a tsaye kamar ƙananan kitso, in kin juya cikinsa kuma ki ga 'yan baka-baka a kwance. Wannan ita ce shaida.

Mata a kasuwa da ja suke gwadawa, in ya miƙe su ce roba ne. Gwajin yana taimakawa amma ba ya isa, kuma ni kaina ya taɓa cina. Farkon shigata aiki an kawo mini wandunan mata shuɗɗa, da aljihu da ɗinkin zare ruwan ɗorawa, sak jins. Ban ko juya su ba na sa su a babi na 62. Jami'in da ya zo dubawa, dattijo ne, ya juya ƙafar wando ɗaya, ya ɗora ɗan madubin ƙirga zare, ya miƙo mini ya ce in duba. Madaukai ne reras, kamannin jins ɗin buga shi aka yi a kai. Muka sake takarda, na biya tarar daga aljihuna don ba laifin mai kaya ba ne. Washegari na sayi irin madubin, har yau yana aljihuna. Akasin haka ma yana faruwa: jins na gaske da aka sa wa zaren roba yana miƙewa sosai, amma saƙar masaƙa ne, gidansa 6204. Kalmar roba ba ta gaya wa duwan komai.

Mu bi kwalayenki ɗaya bayan ɗaya

Zan ɗauka cewa abin da kika kira roba saƙar madauki ne, kamar yadda akasari yake.

Dogayen riguna gidansu 6104, babban gidan kayan mata na waje: riguna, siket, wanduna, kwat da haɗin riga da siket. Ɗakin doguwar riga ya danganta da zare: 6104.42 in auduga ce, 6104.43 in zaren roba ne irin foliyesta, 6104.44 in biskos ne. Rigar da aka yi da yadin tishat amma ta sauko gwiwa ko ƙasa, ana sa ta ba sai da siket ko wando ba, doguwar riga ce. Abayar jesi rufaffiya ma nan nake sa ta. Inda ake jayayya shi ne tsakanin doguwar riga da rigar barci, wadda take 6108. Akwai irin rigunan nan na zaman gida da suke tsaka-tsaki. Ni abin da nake dubawa shi ne yanka, kaurin yadi da abin da aka rubuta a leda. In mace za ta iya yafa mayafi a kai ta leƙa maƙwabta, doguwar riga ce. In shara-shara ce, mai siririyar igiya a kafaɗa, ba wadda za ta fito da ita tsakar gida, ta barci ce.

Bodi shi ne mai gidaje uku, don haka ki ɗauko guda ɗaya ki riƙe yayin da kike karanta wannan. In mara nauyi ne, ba kwala, ba maɓalli, ba tsaga a wuya, kuma ƙasansa kalmasa ce kawai, tishat ne, 6109, tare da singileti. Amma sharaɗi na 5 na babin ya ce duk rigar da ke da zariya, ko roba, ko wata saƙa mai tsuke ƙugu a ƙasanta, ba ta shiga 6109. Irin wannan yawanci 6110 take komawa, gidan suwaita. In kuma rigar tana da tsaga daga wuya mai maɓalli, ko kwala, ko yankan bulawus ne mai sakin jiki, sai a dubi 6106. Shi ma sharaɗi na 4 ya yi masa shinge: ba ya karɓar riga mai aljihu a ƙasan ƙugu, ko mai tsuke a ƙasa, ko wadda saƙarta ta yi gwari-gwari har madaukanta ba su kai 10 a kowace santimita ba, tsaye da kwance, in an ƙirga a fili mai santimita 10 kowane gefe. Ma'anar wannan ƙirga ita ce a raba bulawus mai laushin saƙa da rigar sanyi mai kaurin saƙa. Ba kullum ake yin ta ba, amma ranar da aka yi gardama ita ce alƙali.

Kolan kuwa tarko ne na harshe. A kasuwanninmu duk wando mai kama jiki kolan muke ce masa, amma a littafin duwan collants na gidan 6115 ne, tare da safa, wato irin wanda yake rufe jiki daga ƙugu har yatsun ƙafa. Wanda matanmu suke sawa a ƙarƙashin abaya ko doguwar riga, mai kauri, wanda ya tsaya a idon sawu, wando ne: 6104.62 in auduga ce ta rinjaya, 6104.63 in zaren roba ne. Na sha ganin an rubuta collant a faktir, mai cika takarda ya bi sunan ya kai shi 6115, a zo dubawa a ga wando. Ki ce wa mai sayar miki ya rubuta cewa wandon mata ne na saƙar madauki, ya faɗi zarensa.

Riga da siket, ko riga da wando, suna da ɗakinsu idan sun cika sharaɗin abin da ake kira ansambul: 6104.22 na auduga, 6104.23 na zaren roba. Sharaɗin yana da tsauri fiye da yadda ake zato. Dole sama da ƙasa su zama yadi ɗaya, saƙa ɗaya, launi ɗaya, salo ɗaya, girmansu ya dace da juna, kuma an haɗa su don a sayar tare. Riga baƙa da siket mai fure ba ansambul ba ne ko da leda ɗaya suka zo. Haka in rigar saman tishat ce ta 6109, ko kayan barci ne na 6108, ba sa shiga wannan ɗaki. In sharaɗi ya faɗi, kowanne ya koma gidansa, kuma dole a raba musu farashi. Shi ya sa nake roƙon masu kaya su sa a rubuta kuɗin riga daban, na siket daban, tun daga can.

Rigar mama ta fita daga babi na 61 gaba ɗaya. Gidanta 6212, ko da saƙar madauki ce, tare da ɗamarar matse ciki da masu jego suke saya. Rigar mama 6212.10, kamfai kuwa da ake sayarwa daban 6108.21 ko 6108.22 gwargwadon zare. Shimi da fatari ma 6108 ne.

Suwaita da ake sawa ta ka da mai maɓalli a gaba duk 6110 ne, .20 na auduga, .30 na zaren masana'anta irin akirilik, wanda shi ne mafi yawan abin da ake kawo mana don sanyin Disamba da Janairu. Babbar rigar sanyi da ake ɗorawa a kan kaya don fita, irin mai kare iska, 6102 ce. Kayan motsa jiki riga da wando 6112.

Kila ki ce yaya ake sanin na mata ne ko na maza, tunda wasu rigunan kowa na sawa. Sharaɗi na 9 ya amsa. In gefen dama ne yake hawa kan na hagu wajen rufewa, ta mata ce. In hagu ne a kan dama, ta maza ce, sai fa in yankan rigar ya nuna a fili ta wane ce. Wadda aka kasa ganewa kuma gidan mata ake kai ta. Kayan yara mata gida ɗaya suke da na manya, ban da na jarirai waɗanda tsawonsu bai wuce santimita 86 ba, su 6111 ne. Tishat da suwaita kuwa a alƙaluma shida ba a raba maza da mata ba.

Na bar hijabi a ƙarshe don shi ne ba a yanka littafin a kan jikinsa ba. Mayafi ko gyale da yake falle ɗaya, ba a ɗinka masa siffa ba, mai sauƙi ne: 6117.10 in jesi ne, 6214 in saƙar masaƙa ce irin shifon. 'Yar hular ciki da ake sawa ƙarƙashin mayafi ta bar babin tufafi, ta tafi babi na 65 na huluna, gida 6505. Ɗinkakken hijabi mai zagayen fuska ne ake saɓani a kansa. Gajere da ya tsaya a kafaɗa ko ƙirji, ni 6117.10 nake sa shi, don aikin mayafi yake yi. Dogo mai hannu da ya sauka har ƙasa ya zama sutura ta jiki duka, kuma na fi natsuwa da 6114, gidan sauran tufafin da ba su da gida na kansu. Wannan fahimtata ce a bakin aiki, kuma na haɗu da jami'an da suka ga saɓaninta. Abin da ke ceton mutum a nan shi ne bayani: a rubuta tsawonsa, ko yana da hannu, da irin yadinsa. Wanda ya bayyana kayansa dalla-dalla ya kuskure lamba, gyara ake yi masa. Wanda ya rubuta kalma ɗaya ya rufe kwali, zargi yake jawo wa kansa.

Zaren da ya rinjaya

Bayan gida sai ɗaki, kuma zare ne yake zaɓar ɗaki. Wanda ya fi nauyi a cikin yadin shi ne mai suna. Riga mai auduga kashi 95 da zaren roba mai miƙewa kashi 5 ta auduga ce, duk miƙewarta. In auduga da foliyesta sun yi kunnen doki, 50 da 50, wanda ya zo daga baya a jerin littafin ake ɗauka, wato foliyesta.

Akwai wata ƙa'ida da ko tsofaffin hannu suna mantawa. Zaren masana'anta, da na roba irin foliyesta da na itace irin biskos, haɗa su ake yi wuri ɗaya kafin a gwada su da auduga. Doguwar riga mai auduga 40, foliyesta 35, biskos 25, ido zai ce auduga ce ta fi yawa. Amma 35 da 25 sun haɗu sun zama 60, sun rinjayi auduga, sannan a tsakaninsu foliyesta ta fi, sai rigar ta tafi 6104.43.

Kada ki yarda da 'yar takardar wuyan riga ido rufe. Na sha ganin an rubuta auduga zalla a rigar da in ka kusantar da zarenta ga ashana sai ya narke. Ki zare 'yan zaruruwa daga cikin kalmasa ki ƙona a kan faranti. Auduga tana ci da wuta, tana warin takarda, ta bar toka mai laushi. Foliyesta tana noƙewa, ta narke, ta bar ɗan dunƙule baƙi mai tauri. Ulu warin ƙonannen gashi yake yi. Biskos kamar auduga yake ƙonewa, don haka wuta ba ta raba su, kuma ba ta faɗin kashi nawa ne a yadin da aka gauraya. Wannan sai ɗakin gwaji. Amfanin ashana shi ne ta nuna miki ƙarya babba tun kaya suna hannun mai sayarwa.

Maganar gwanjo

Abokiyar sana'arki ba ta ba ki shawarar alheri ba, ko da da kyakkyawar niyya ta faɗa. Gwanjo gidansa 6309, kuma sharuɗɗa biyu ne dole su haɗu: kayan su nuna alamar an sa su sosai, kuma su zo a zube ko a dila ko a buhu. Sabuwar riga ba ta zama gwanjo don an cire ta daga leda an matse ta a dila. Ragowar kayan kanti da ba a sayar ba, waɗanda ba a taɓa sawa ba, su ma ba gwanjo ba ne. Kuma gwanjo ba kyauta yake shiga ba: yana biyan fito, a Kamaru ma an ɗora masa harajin akasiz, wato ƙarin haraji na musamman a kan wasu kaya. Sauƙinsa daga ƙarancin darajarsa a kilo yake zuwa. To wanda ya kira sabon kaya gwanjo ya yi ƙarya biyu a layi ɗaya, ta nau'i da ta daraja, kuma wannan karon kuɗin hukuma ya ragu. Nan an bar maganar tara mai sauƙi, ana iya kaiwa ga ƙwace kayan. Dilar gwanjo tana da warinta da kamanninta, jami'in da ya shekara biyu a bakin tashar ruwa da wuƙa ɗaya zai gane. Ban da haka, sunan ɗan kasuwa yana zama a kwamfuta. Wanda aka taɓa kamawa, kwantenarsa ta gaba ma buɗe ta za a yi. Ni ba na sa hannu a irin wannan takarda, kuma duk mai cika takardar da ya yi miki tayin haka, ki sani ranar da ta ɓaci sunanki ne a kan kaya.

Odar gaba

Aikin daga Guwanzu yake farawa, ba daga Duwala ba. Ki sa mai sayarwa ya rubuta faktir layi-layi: irin rigar, ta mata ce, saƙar madauki ce ko ta masaƙa, zarenta da kasonsa, adadi, da farashin guda. Takardar jerin kwalaye ta nuna abin da ke cikin kowane kwali da nauyinsa, kuma gwargwadon iko kada a cakuɗa iri uku a kwali ɗaya. Ki ajiye samfur ɗaya na kowane iri a hannunki, ki aika wa mai cika takardarki hotonsu ciki da waje kafin jirgi ya iso. Ki tabbata yana aiki ne a ƙarƙashin kamfanin da ke da lasisin wakilcin duwan, sannan ki nemi ganin takardar kafin a shigar da ita. In kin ga layi ɗaya alhali kayanki iri bakwai ne, ki ce a tsaya.

In ta haɗaka kike aikowa, wato kwantena ɗaya ku da yawa ana biya a kan awo ko kilo, takardar ba da sunanki take fita ba. Duk da haka ki nemi kwafinta da rasidin biyan fito, domin tsakanin Ngaundare da Marwa za a iya tambayarki, kuma a shagonki ma za a iya tambaya. Masu kai kaya Injamena ta Kuseri su ƙara kula: bayanin da aka rubuta a Duwala shi ne yake bin motar har Ngeli, kuskuren da aka yi a bakin teku a can yake fashewa, bayan an riga an kashe kuɗin hanya.

In akwai irin kayan da za ki riƙa kawowa da yawa kuma lambarsa tana da gardama, kamar dogon hijabin nan, ana iya rubuta wa hukumar duwan a haɗa da samfur, a nemi ta faɗi lambar a rubuce tun kafin a yi oda. Yana ɗaukar lokaci, amma takardar tana kashe gardama a gaba.

Duk abin da na faɗa a kan bayaninki na gina shi, ban taɓa kayan da hannuna ba, kuma a wannan sana'a yatsa da ido suna ganin abin da waya ba ta nunawa. Hukuncin ƙarshe ma na jami'in da ke gaban kayan ne, sai dai doka ta ba ki damar ƙin amincewa ki ɗaukaka ƙara in kina da hujja. Dokar kasafin kuɗi kuma tana taɓa ƙananan haraji kusan kowace shekara, don haka ki sa a yi miki lissafi sabo kafin kowace oda. In kina da mai zuwa Garwa, ki ba shi bodi ɗaya, kolan ɗaya da dogon hijabi ɗaya, da 'yan takardun wuyansu a jiki, in ɗora musu madubi in rubuto miki lambar kowanne.